Jarkar Kunun da Na Buɗe a Gaban Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta ƙarshen damina ba, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Ko na so in manta ma, akwai dattawa a Kaura Namoda da suka ɗauki nauyin tuna mini duk inda muka haɗu, ko da a wurin zaman makoki ne.

Lokacin ina ƙaramin magatakarda a wata kotu da ke kan hanyar Zurmi (ba zan faɗi sunanta ba, ta sha kunya a hannuna iya sha). Ban daɗe da fara aiki ba, ba a ma tabbatar da ni ba tukuna. Ni ɗan cikin gari ne, a bayan tashar jirgin ƙasa aka haife ni, kuma tafiya mafi nisa da na taɓa yi a ƙafa ita ce daga gidanmu zuwa filin Idi. Kowa a kotun ya san haka, kuma ba wanda ya ɓoye mini cewa ya sani.

Sai ga wata ƙara ta zo gaban Alƙalinmu, wani dattijo ɗan Zurmi mai farin gemu da ƙarancin magana. Wani manomi mai suna Bawa ya ce shanun Arɗo Buba sun cinye masa gero. Arɗo Buba ya ce ba shanunsa suka shiga gona ba, gonar ce ta shigo musu burtali, wato hanyar da shanu ke bi tun kakanni. An yi ta zama ana tashi, kowa da shaidunsa, har Alƙali ya gaji ya ce zai je ya gani da idonsa. Matsalar ita ce wurin yana can kan wani tudu mai duwatsu, mota ba ta wuce ƙauyen da ke gindinsa. Daga nan sai ƙafa, tun hantsi har rana ta take.

Rijistaranmu ne ya saba irin wannan rakiya, amma gwiwa ta kama shi. Da Alƙali ya tambayi wa zai riƙe takardu da igiyar awo, rijistara ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wanga yaro in ya kai rabin hanya sai an goyo shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, zan je, kuma ni zan riga kowa isa."

Alƙali bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Litinin."

Tun daga wannan rana na shiga shiri kamar mai tafiya Makka ta ƙasa. Ranar kasuwar Shinkafi na je na sayo wata katuwar jakar goyo a wurin 'yan gwanjo, mai sayarwar ya rantse mini ta wani sojan Nijar ce. Na sayo sabon kambas fari fat (sabo, ku lura, a ƙafar da ba ta san tafiya ba). Na dawo gida na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na fara lodi. Lema ta shiga, don ruwa. Tocila ta shiga, ko da yake da rana za mu je mu dawo. Darduma, man zafi, rigar sanyi, rediyo don kada labaran rana su wuce ni a kan dutse. Burodi da ƙuli-ƙuli da kilishi. Har da kifin gwangwani, wanda sai a kan tudun na tuna ban zo da abin buɗe shi ba. Na ɗaura buta a gefen jakar, tana reto, babu ko ɗigon ruwa a cikinta.

A nan ne na yi tunanin da nake ganin ya fi kowane tunani. Na ce ruwa nauyi ne kawai, ba ya ƙosarwa. Me zai hana in ɗauki kunun zaƙi, abu ɗaya ya kashe ƙishi ya kashe yunwa? Kuma na hango kaina a ƙolin tudu, kowa ya galabaita, ni kuwa na durƙusa gaban Alƙali ina miƙa masa kofi. Wane rijistara kuma bayan wannan?

Matata Kulu ta dama mini kunun ranar Lahadi da yamma, na gero, ya ji citta da kanumfari da sukari. Na ɗura shi a wata ƙaramar jarka, na sa leda a bakin, na murɗa marfin har sai da yatsuna suka yi ja, na ƙara naɗe shi da robar tayar keke don kada ya zube a kan takardun kotu. Na cusa jarkar can ƙasan jakar, na jera sauran kaya a kanta, na ɗaure.

Litinin da asuba aka kece da ruwa, rafin da ke kan hanya ya cika. Aka aiko cewa an ɗaga tafiya sai Laraba.

Kulu ta ce, "Malam, fiddo kunun nan mu shanye, in dama maka wani. Kunun zaƙi ba ya kwana."

Na ce, "Wanda aka bari a buɗe ne ba ya kwana. Wannan ko iska ba ta shiga."

Ta ce, "Iskar da ke ciki fa, ta ina za ta fita?"

Na yi mata dariyar wanda ya yi sakandare. Gaskiyar magana, na sha wahala kafin kayan su zauna a jakar, kuma ban yarda zan iya mayar da su ba in na kwance. Saboda haka jakar ta zauna a kusurwar ɗaki, ƙarƙashin rufin kwano, a ɗaure kamar yadda take.

Laraba muka kama hanya. Motar kotu ta sauke mu a ƙauyen gindin tudu, inda Bawa da Arɗo Buba ke jiranmu, kowa da mutanensa, kowane ɓangare a inuwarsa. Alƙali ya sa farar babbar riga da rawani, a hannunsa sanda da 'yar gorar ruwa, shi ke nan. Ya dubi jakata, ya dube ni, ya ce, "Ƙaura za ka yi?"

Na ce, "Shiri ne, Allah ya gafarta Malam."

Ya kamata in faɗa muku wani abu game da Bawa. Kwanakin baya kaɗan kotunmu ta yi wa ƙanensa bulala a bainar jama'a saboda shan burkutu, kuma ni na rubuta hukuncin da hannuna. Bawa bai manta ba. Tun da aka fara shari'arsa yake ɗaure mana fuska, yana gaya wa mutane kotun ba ta son gidansu. Shi ya sa ma Alƙali ya nace sai ya taka ya gani da kansa, don kada a ce an yi son kai.

Farkon tafiyar na yi abin a yaba. Na wuce gaba, ina taku kamar soja, buta na kaɗa mini ganga a kwankwaso. Muka ratsa gonakin gero da ya sunkuyar da kai, muka tsallake rafi a kan duwatsu, muka fara hawa. A nan kambas ya fara gabatar mini da kansa. Ya ci diddigen dama, ya koma na hagu. Igiyoyin jakar sojan Nijar suka nutse mini a kafaɗa. Dattijon da na yi niyyar jira a sama ya zo ya wuce ni a hankali yana jan carbi. Arɗo ya wuce. Bawa ya wuce yana kallona ta gefen ido.

Wani daga cikin mutanen Arɗo ya ce in kawo ya taya ni. Na ce a'a, ai ba nauyi (a lokacin ina ganin wasu taurari-taurari da rana tsaka). Na riga na ƙudurta ko a kan gwiwa ne sai na kai jakar nan sama da kaina, don na san duk abin da ya faru zai isa kunnen rijistara kafin la'asar.

Muna cikin wata ciyawa mai tsawo sai na ji wani sauti a bayana, siriri: tsssss. Na tsaya cak. Sautin ya tsaya. Na taka, ya dawo. Na ce da ƙarfi, "Maciji!"

Kowa ya watse. Mutanen Bawa suka hau dukan ciyawa da sanduna, Arɗo ya sunkuya yana neman sawu, Alƙali yana kan wani dutse yana addu'a. Ba a ga komai ba. Muka ci gaba, sautin ya ci gaba da bina. Sau biyu ina tsayar da tawagar kotu saboda macijin nan. A na biyun Arɗo ya dube ni ya ce, "Malam, wanga maciji kai kaɗai yake so." Ban kawo komai a raina ba. Wallahi ko sau ɗaya tunanina bai je kan jarkar ba.

Rana ta take lokacin da muka isa. Wuri ne mai faɗi a ƙolin tudu, ga gonar Bawa a hannu ɗaya, ga sawun shanu a ɗaya hannun, ga wata tsamiya a tsakiya. Ni ne na ƙarshe da ya iso, amma na iso, da jakata a bayana. Aka zauna a inuwa a huta kafin a fara awo. Na lura gorar Alƙali ta kusa ƙarewa. Zuciyata ta ce, to, ga lokacinka.

Na kwance jakar, na fara fiddo kaya ɗaya bayan ɗaya, jama'a na kallo. Lema. Tocila. Rediyo. Da rigar sanyi ta fito sai na ji wani ya tuntsire a baya. Ban kula ba. Na zura hannu na jawo jarkar. Na ga ta canja kama, ta kumbura ta yi tumbi kamar akuyar da ta yi ɓarna a rumbu, kuma da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Na ce a raina rana ce. Na ɗauki kofi, na je gaban Alƙali na durƙusa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Allah ya gafarta Malam, ga ɗan kunu na zo da shi saboda kai."

Na kwance robar. Na juya bakin jarkar wajensa, don ladabi. Na murɗa marfin.

Ƙarar da ta yi, shanun Arɗo da ke can nesa sai da suka ɗago kai. Marfin ya tashi ya bugi hular Bawa ta faɗi. Kunun kuwa bai zubo ba, harbowa ya yi, fari, mai kumfa, ya sami Alƙali daga rawani har gwiwa. Na yi ƙoƙarin toshe bakin da tafin hannu, sai ya rabu biyu, rabi ya koma kan Alƙali, rabi ya wanke mini fuska. Na juya jarkar gefe, ta sami takardun shari'a. Sai da ta gama abin da za ta yi sannan ta lafa a hannuna tana huci.

Kumfa na ɗiga daga gemun Alƙali. Sannan warin ya tashi.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gidan da ake dafa burkutu ya san wannan wari. Mu kuwa a kotu mun san shi sarai, don an sha kawo mana shi a matsayin shaida. Na ga hancin mutane yana motsi ɗaya bayan ɗaya.

Bawa ne ya fara miƙewa, ko hularsa bai ɗauka ba. Ya nuna ni da yatsa. "Giya ta! Wallahi giya ta! Jama'a ku shaida! Kan wanga wari kunka kwantar da ƙanena gaban kasuwa, ga shi yau magatakardanku na yawo da ita cikin jaka, har yana ba Alƙali!"

Mutanensa suka ɗauka. Wani ya ce dama ya ga ina tangaɗi tun a hanya. Wani ya ce ai shi ya sa nake ganin macizan da babu su. (Ku duba yadda shaidu suka haɗu a kaina, kuma duk gaskiya suka faɗa.) Ni kuwa ina durƙushe, jarka a hannu, kofi a ɗaya hannun. Na hango aikina ya tafi. Na hango kaina kwance a gaban kasuwa, wani sabon magatakarda yana rubuta sunana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dattijon nan da ya hau tudu da ƙafarsa don a yarda da adalcinsa, ga shi na jiƙa shi da abin da za a yi ta faɗa har Gusau.

Alƙali ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya warware rawaninsa a hankali, ya nemi gefen da bai jiƙe ba ya share fuska. Sannan ya dube ni irin kallon da yake yi wa wanda ake ƙara.

"Mi ne cikin jarka?"

"Kunun zaƙi ne, Allah ya gafarta Malam."

"Yaushe anka dama shi?"

Na sunkuyar da kai. "Lahadi."

Wani daga baya ya ce, "Lahadi!" kamar an faɗi rasuwa.

"Ka buɗe shi tun sannan?"

"A'a."

"Ka sha?"

"Ko ɗigo ban sha ba."

Ya juya wajen jama'a. "Akwai wanda ya ga ya sha?" Ba wanda ya ce ya gani. Ya sa aka miƙo masa robar da ledar da na naɗe bakin da su, ya ɗaga kowa ya gani. Ya sake dubana. "Babu wanda ya gaya maka kunu ba ya kwana?"

Da na iya yin ƙarya a nan, da na rage wa kaina wani abu. Amma a gaban Alƙali nake. Na ce, "Mai ɗakina ta faɗa mini."

"Kai ka ce mi?"

"Na ce iska ba ta shiga."

Arɗo Buba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Alƙali kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Bawa, ƙanenka an gan shi yana sha, kuma ya amsa da bakinsa. Wanga bai sha ba, bai kuma san abin da ya goyo ba. Wadda ta sha ita ce rigata. In kana son a yi mata bulala, ga ta nan, zan tuɓe maka. Shi kuwa wauta ce laifinsa, kuma ban ga inda anka yanka mata haddi ba. Da an yanka, da bulala ta yi tsada a ƙasar nan."

Aka fashe da dariya, har da wasu daga mutanen Bawa. Shi Bawa bai yi ba. Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya ce shi dai hancinsa ba ya ƙarya.

Alƙali ya sa na tuntsurar da sauran a ƙasa a gaban kowa. Sannan ya tuɓe babbar rigar da rawanin ya miƙo mini, ya ce ba zai yi sallah da abin da yake shakka ba. Akwai wani kwarmin dutse da ruwan sama ya taru a ciki, can inda shanu ke sha. Nan na je na durƙusa ina wankin rigar Alƙali ba sabulu, shanu sun kewaye ni suna kallo. Na shanya ta a kan dutse, na jera takardun kotu a gefenta, na danne kowace da tsakuwa.

A wurin wankin nan ne na yi shawara da kaina. Na ce kunya dai na riga na sha ta, ba sauran abin da zan tsare. Abin da ya rage shi ne aikin da ya kawo ni. Na cire kambas ɗin na rataye a wuya, na ɗauki igiyar awo, na koma na ce a fara. Alƙali na tsaye cikin 'yar shara da malafar da Arɗo ya ara masa, ni ina jan igiya cikin ƙaya da tsakuwa ba takalmi, daga tsohon dutsen iyaka zuwa bakin gero, ina faɗa da ƙarfi ina rubutawa a bayan takardun da suka bushe. Duk inda na gitta, mutane na matsawa saboda wari, ƙudaje kuwa sun samu shugaba. Maƙogwarona ya bushe har muryata ta dushe, ga jaka cike da ƙuli-ƙuli da kilishi, abubuwan da ba abin da suke nema sai ruwa. Ban roƙi kowa ba, don ba ni da fuskar roƙo. Can sai na ji an dungure ni da gora a kafaɗa. Na juya, Bawa ne. Bai dube ni ba, ya ce, "Sha, kar ka mutu a ce ni ne."

Awo ya nuna kowannensu yana da nasa: gonar ta ɗan ci burtali, shanun kuma sun wuce inda gonar ta ci. Ba a gama shari'ar a ranar ba, sai bayan girbi. Muka sauko da la'asar, ni da jakata a baya kamar yadda na hau da ita, ban bari kowa ya taɓa ta ba.

Labari kuwa ya riga ni isa Kaura, kuma ya yi ƙiba a hanya. Kafin in kai gida an ce an kama ni da jarkar burkutu. A wata unguwar an ce tulu ne. Na tarar da surukina zaune a ƙofar gida yana jirana, sai da na kira Kulu ta ba da shaida daga bayan ƙyaure, tana yi tana toshe baki da mayafi. Washegari na yi wanka na tafi aiki da wuri, ina ɗingishi, na zauna a teburina na sake kwafe takardun da kunu ya ɓata. Rijistara ya shigo, ya shaƙi iska da gangan, ya ce, "Ina kwana, Sarkin Kunu." Sunan da ya bi ni ke nan har na yi ritaya.

Alƙali bai sake tayar da maganar ba. Da wata tafiyar ta taso bayan kaka, ni ya sake kira. Sai dai kafin mu shiga mota ya sa na buɗe jakata a ƙofar kotu, ya leƙa ciki da kansa. Gorar ruwa ce, da dabino, da hula, da takardu. Ya jijjiga gorar a kusa da kunnensa, ya saurara, sannan ya ce mu tafi.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Tafiyar yini ba ta son kaya, tana son ruwa da tsohon takalmi. Kuma duk abin da za ka buɗe a gaban na gaba da kai, kome ladabinka, ka fara juya bakinsa wajenka.